Amsoshin Tambayoyinku: Insha'in Turanci da Masu Karanta Shi

Wani malamin sakandare daga Zariya yana tambaya, shin akwai fa'ida a sa ɗalibai su riƙa rubuta insha'in Turanci domin 'yan'uwansu su karanta?

To, malam, Allah ya ƙara basira. Fa'ida kam akwai ta, domin ɗalibin da ya san tsararrakinsa za su duba rubutunsa, su yi masa ta'aliki, har su yi masa dariya idan ya yi tuntuɓe, yakan tsananta bincike a nahawu da zaɓen lafazi fiye da wanda jan biron malami kaɗai yake tsoro. Sai dai kada ka sakar musu ragama, gama hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, insha'i mai kalmomi wajen 450 take nema, kuma bisa ƙa'ida.