Amsar Tambaya: Shin Sakarin Yana Rage Ƙiba?

Tambaya: Malam, ƙiba ta dame ni, har na bar sukari na koma sa ƙwayar sakarin a shayi. Shin zai rage mini jiki, ko akwai illa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Haƙiƙa sakarin, wanda aka gano a Amurka a 1879, ya fi sukari zaƙi kamar sau 300, shi ya sa ƙwaya guda take wadatar da kofin shayi, kuma wasu masu kunun zaƙi da zoɓo suke ɗiga shi cikin tulu don sauƙin kuɗi, alhali jiki ba ya samun kuzari daga gare shi.

Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan ta yi nazarin bincike masu yawa, ta yi nasiha a watan Mayun 2023 cewa kada a dogara da ire-irensa don rage ƙiba, saboda fa'idarsu ba ta ɗorewa, kuma an ga alaƙa tsakanin daɗewa ana shansu da ciwon sukari da na zuciya. Amma nasihar ba ta shafi wanda ciwon sukari ya riga ya kama ba, shi likitansa zai bi.

Maslaha ita ce ki horar da harshenki sannu a hankali, cokali uku na sukari ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya, ki rage lemon kwalba da malmalar tuwo, ki yawaita ganye da tafiya a ƙasa. Tsakaitawa ita ce magani, ki riƙe ta.