Shawarwari ga Iyalin da Zai Je Kallon Gasar Karnuka ta Crufts

Duk shekara a watan Maris, zauren baje koli na NEC da ke Birmingham a Ingila yakan cika da karnuka kusan 20,000, tun daga ranar Alhamis har zuwa Lahadi. Wannan ita ce gasar Crufts. Charles Cruft, wani mai tallar biskit ɗin karnuka, shi ya fara ta a Landan a 1891. Ƙungiyar Kennel Club ce ke shirya ta tun 1948, kuma aka mayar da ita Birmingham a 1991. Ga iyalan da ke zaune a Ingila, ko waɗanda ziyara ta kai su a lokacin, ga abin da zai sa yinin ya yi amfani.

1. Ku zaɓi ranar zuwa kafin ku sayi tikiti. An kasa karnukan rukuni bakwai, kuma kowace rana da rukunin da ake dubawa. Akwai na farauta masu bin sawu da gudu, akwai masu taya maharbi ɗauko tsuntsu, akwai na kiwo, da na gadi da aikin ƙarfi, da masu kutsa rami, da ƙananan karnukan cikin ɗaki, sai rukuni na bakwai da ya tattara sauran. Jadawalin yana sauyawa daga shekara zuwa shekara. Wanda ya zo don karnukan kiwo ya tarar da ranar ƙananan karnuka, ya yi asarar kuɗin mota. Zaɓen gwarzon gasa da ake yi daren Lahadi kuwa tikitinsa daban ne.

2. Ku bar karenku a gida. Ba a shiga da karen ɗan kallo, sai irin wanda ke yi wa makaho jagora ko yake taimakon mai lalura.

3. Jirgin ƙasa ya fi mota sauƙi. Tashar Birmingham International tana manne da zauren, haka ma filin jirgin sama na birnin. Ku fita da sassafe, ku sa takalmin da ba ya cizo, domin zauruka biyar ne kuma duk a ƙafa za ku zaga su. Ku riƙe ruwa da abincin yara, na ciki yana da tsada. Da shigarku ku nuna wa yara wuri guda da za a haɗu idan wani ya ɓace, ku rubuta lambar wayarku a takarda ku sa musu a aljihu.

4. Ku fara da sashen Discover Dogs. A ganina nan ne zuciyar taron, ko da yake kyamarorin talabijin sun fi karkata ga babban fage. Rumfuna ne a jere, kowane nau'in kare da tasa, nau'i wajen 200, kuma masu karnukan na zaune suna jiran tambaya. Ku tambaye su abin da ya shafi gida: nawa yake ci a wata, sa'a nawa yake buƙatar yawo a rana, yana jure wa yara, wace cuta ce ke bin jinsinsu? Ku nemi rumfar Azawak, dogon siririn karen nan na Abzinawa da ya samo sunansa daga yankin Azawak na Nijar da Mali. Duk wanda ya taɓa ganin irinsa yana gadin dabbobi a bakin tanti zai ji wani abu a ransa idan ya gan shi an wanke an goge, Turawa na layi don su kalle shi. Kada ku wuce Basenji, ɗan asalin Kwango, wanda ba ya haushi irin na sauran karnuka.

5. Ku koya wa yara neman izini kafin su taɓa kare. Yaro ya tambayi mai shi, ya tsaya tsit har karen ya shinshina shi, sannan ya shafa kafaɗarsa ko ƙirjinsa. Banda runguma, banda ba shi abinci, banda kai fuska kusa da tasa. Karnukan da ke kan benci suna jiran shiga fage kuma a ƙyale su. Wani mai kare ya shafe sa'o'i yana taje gashin nasa, hannu ɗaya mai maiƙo zai ɓata masa aikin.

6. Iyalin Musulmi su yi tanadin tsarki tun daga gida: tsumman goge hannu, da riga ta canji don salla. Ana iya more kallon duka ba tare da an taɓa kare ko ɗaya ba. A wasu shekarun gasar kan faɗo cikin azumi, kamar yadda aka yi a 2025, sai a duba kalanda.

7. Ku ware sa'a guda a babban fage. Nan ake tseren tsallake shinge da kutsa bututu, da tseren ƙungiya-ƙungiya na ɗauko ƙwallo, da tafiyar kare da mai shi bisa kiɗa. Yara sun fi son wannan, amma haushi da shewa sukan yi wa jariri yawa. Akwai kuma Scruffts, gasar karnukan da iyayensu ba nau'i ɗaya ba ne, wadda ake kammalawa a nan.

8. Ku kalli hukuncin alƙali da idon basira. Alƙali yana auna kowane kare ne da siffar da aka rubuta wa nau'insa, yana duba haƙora, yana laluba ƙashi, yana sa a zagaya da shi don ya ga tafiyarsa. Sai dai kyan siffa ba ya nufin lafiya. A 2008 wani shirin BBC ya tona yadda haɗa 'yan'uwan jini da neman siffa mai wuce gona da iri suka jawo wa wasu nau'o'i ciwo na har abada, kuma tashar ta daina nuna gasar. Daga 2012 aka fara sa likitan dabbobi ya duba zakarun wasu nau'o'i kafin su wuce gaba. Idan kun isa wurin karnuka masu lotsattsen hanci irin su Bulldog da Pug, ku saurari numfashinsu. Gurnanin da wasu ke yi wa dariya wahalar shan iska ce, kuma abin tausayi ne. Ku nuna wa yaranku wannan su gane.

9. Kada zumuɗin yini guda ya sa ku yanke shawarar sayen kare. Ba a sayar da 'yan kwikwiyo a wurin, amma yara za su dawo gida suna roƙo. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 15, da ci da rigakafi da kuɗin likita da yawon kullum cikin sanyin Ingila. Ku ajiye bayanan da kuka tattaro, ku bar maganar ta yi wata guda. Idan har lokacin kowa a gidan na kan bakansa, ku fara leƙa gidajen da ke riƙe da karnukan da aka yasar, irin su Dogs Trust da Battersea, kafin ku nufi wurin mai sayarwa.