Mariama Keita, mace ta farko ƴar jarida a Nijar

A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Ƙwanni zuwa Maraɗi, da wuya mutum ya wuce rumfar mai shayi bai ji radiyo ba. Manomin albasa yana saurare. Direban kamyo yana saurare. Amma kaɗan ne suka san aikin da ake yi kafin magana ta fito daga akwatin. Labarin Mariama Keita zai nuna wannan aiki.

An buɗe gidan radiyon ƙasa a Yamai a 1958, shekara 2 kafin samun mulkin kai. Daga baya aka sa masa suna Muryar Sahel. A wancan zamani aikin jarida na maza ne. Mariama ce mace ta farko da ta shige shi a Nijar.

An haife ta a Yamai a 1946. Ta yi karatun boko lokacin da ba a cika sa ɗiya mata makaranta ba. A gidan radiyo aikinta biyu ne: tana rubuta labaru, tana kuma karanta su.

Karantawa ita ce mutane ke ji, amma rubutawa ta fi wuya. Ɗan jarida yakan je inda abu ya faru. Ya gani da idonsa. Ya tambayi wannan, ya tambayi wancan, don bakin mutum ɗaya ba ya isa shaida. Sannan ya komo biro ya rubuta, ya sake duba suna da rana da lamba. Wasu ma'aikata su juya labarin zuwa Hausa da Zabarmanci da Fillanci da sauran harsunan ƙasa. Sai lokaci ya yi, a rufe ɗaki, a buɗe magana.

Me ya sa ake wannan wahala? In aka faɗi ranar allurar shanu a Illela ba daidai ba, makiyayi zai kora garkensa a banza. In aka yi kuskuren kuɗin buhun albasa, manomin Galmi zai sayar da asara. Wanda ya yi ƙarya a kasuwa mutum goma ya ruɗa. Wanda ya yi ta a radiyo ƙasa duka ya ruɗa, kuma magana zarar bunu ce.

Aikin Mariama bai tsaya a ɗakin karanta labaru ba. Ran 26 ga Disamba 1992 ƴan Nijar suka jefa ƙuri'a, suka amince da sabon tsarin mulki. Amma takarda ce mai tsawo, da Faransanci, kuma mafi yawan jama'a ba su iya karanta ta ba. Mariama tana cikin waɗanda suka yi aikin bayyana wa mutane abin da ke cikinta. A 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa na jam'iyyu da yawa, Mahamane Usman ya ci.

Daga 1994 aka fara buɗe gidajen radiyo masu zaman kansu. Da bakuna suka yi yawa, sai aka bukaci mai raba gardama. Daga 2003 zuwa 2006 Mariama ta shugabanci hukumar CSC, wadda ke sa ido a lokacin kan radiyo da talabijin da jaridu. Wadda ta shiga aikin ita kaɗai cikin maza, ga ta a kan kujerar duba aikin kowa.

Ta rasu ran 29 ga Oktoba 2018 a birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, tana da shekara 72. Allah ya jiƙanta.

Yau akwai mata da yawa cikin wannan aiki. Tun 1977 aka buɗe makarantar koyonsa a Yamai, wadda aka daɗe ana kira IFTIC. Ba a shigarta sai da takardar gama karatu. Yarinyar Tsarnawa ko Malbaza da aka cire daga aji don talla ko aure ba za ta kai ƙofarta ba.

Tambayoyi don tattaunawa a aji:
Me ya sa ɗan jarida ba ya tsayawa ga bakin mutum ɗaya?
Ɗiya mata nawa ne daga garinku suka gama firamare bana? Sauran fa, ina suke?