MATSEWAR JIJIYOYI A GINDIN WUYA: GASHI KO TIYATA?

A gindin wuyan ɗan Adam akwai wata 'yar ƙuntatacciyar hanya, tsakanin ƙashin da ya miƙe daga wuya zuwa kafaɗa da haƙarƙari na farko. Ta nan jijiyoyin ji da motsi suke bi su shiga hannu, tare da jijiyoyin jini biyu: mai kai jini, da mai mayar da shi zuciya. Idan hanyar ta ƙara tsukewa sai ta danne su. A shekarar 1956 ne likitoci a Amurka suka haɗa ire-iren wannan matsewa ƙarƙashin suna ɗaya.

Dalilai da Alamomi

Wasu da ita ake haifarsu, domin suna da ƙarin haƙarƙari a wuya. Wasu kuwa haɗarin mota ne sanadi, ko yawan aiki hannu a sama, kamar na masu fenti da makanikai, ko ɗaukar nauyi a kafaɗa. Mai ciwon yakan ji zogi a wuya da kafaɗa, hannu ya yi sanyi ƙalau, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su riƙa mutuwa.

Magani ba da Tiyata ba

A cikin kowane mutum 10 masu wannan ciwo, wajen 9 jijiyar ji da motsi ce aka danne. Su waɗannan ba a fara musu da wuƙa. Likita zai tura su wurin masu gashin ƙashi na asibiti, a koya musu motsa jiki don sassauta naman wuya da ƙarfafa kafaɗa, a gyara musu zama da tsayuwa, a ba su maganin zogi. Tilas a rage aikin da ya jawo ciwon. Wannan hanya tana bukatar haƙuri, gama akan yi wata 3 zuwa 6 kafin a yanke hukunci a kanta, amma da yawa sukan sami sauƙi.

Lokacin da Tiyata ta Wajaba

1. Idan an yi gashi yadda ya kamata amma ciwon ya ƙi.
2. Idan naman tafin hannu ya fara ramewa.
3. Idan jini ya daskare a jijiya, hannu ya kumbura farat ɗaya, launinsa ya sauya. A nan akan fara da maganin narkar da gudan jini, sa'an nan aiki.
4. Idan jijiyar kai jini ce ta lalace, yatsu suka yi sanyi, suka kwaɗe.

Likita yakan cire haƙarƙari na farko, ko ƙarin haƙarƙarin, tare da yanke naman da ke danna jijiya. Yakan shiga ta hammata ko ta saman ƙashin wuyan. Aikin yana da nasa haɗari: ana iya taɓa jijiya, iska tana iya shiga ƙirji, ciwon kuma yana iya dawowa. Ya kamata majiyyaci ya tambayi likita duk wannan kafin ya sa hannu.

Gargaɗi

Jama'a, ƙaho da tsaga ba sa buɗe hanyar da ƙashi ya tsuke. Mutuwar yatsu tana da wasu dalilai dabam, saboda haka likita ne kaɗai zai rarrabe. Wanda ciwonsa na jijiyar ji ne, kada ya yi garaje ya nemi wuƙa. Wanda hannunsa ya kumbura ko ya yi sanyi nan take, kada ya kwana bai je asibiti ba, domin jinkiri yana iya sa a rasa hannu, ko gudan jini ya tafi huhu.

Lafiya uwar jiki.