Yadda Ake Kafa Na'urar Aika Saƙo Ba Tare da Sabis Ba a Unguwar Madaki

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya, jama'a suka sallama mata al'amarin sadarwarsu baki ɗaya, alhali kuwa wayar da ke aljihun mutum ba ta iya yi wa 'yar'uwarta magana kai tsaye, ko da masu su suna zaune bisa tabarma ɗaya, sai ta ɗaga maganar zuwa ƙarfen sabis, shi kuma ya miƙa ta ga injinan kamfani, sa'an nan ta dawo. Mutanen Gombe sun san abin da ke aukuwa idan wannan tsari ya sami tangarɗa, domin a watan Satumba na 2012 an kai wa ƙarafan sabis hari a garuruwa da dama na Arewa, har da Gombe, a watan Afrilu na 2024 kuma ɓarayi suka kayar da turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, garin ya yi makonni cikin duhu. Saboda haka ya kyautu a bayyana wa mai karatu wata hanya ta daban, wadda jama'ar unguwa kamar Madaki ta Gombe za su iya kafa wa kansu, su riƙa aika wa juna gajeren rubutu ba da layin waya ba, ba da data ba, ba kuma da biyan kuɗin wata ba.

Asalin hikimar, wadda ake kira LoRa, wani ƙaramin kamfani ne mai suna Cycleo ya ƙirƙiro ta a birnin Girenobul na Faransa, kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012. Sirrinta shi ne tana jan kowane harafi a hankali cikin wani irin sauti na rediyo mai hawa daga ƙasa zuwa sama, ta yadda na'urar da ke nesa za ta iya tsamo shi ko da ya fi hayaniyar iska rauni. Ladan wannan jinkiri shi ne nisan zango da ƙarancin cin batir, farashinsa kuwa shi ne ba ta ɗaukar murya ko hoto, sai rubutun da bai wuce haruffa 200 ko kusa da haka ba. Manhajar da ta mayar da wannan hikima abin amfanin talaka ita ce Meshtastic, wadda wani injiniya mai suna Kevin Hester ya assasa, kyauta ce kuma ga kowa. A tsarinta kowace na'ura mai karɓa ce kuma mai isarwa, tamkar isnadin malaman hadisi, inda wane ya ji daga wane ya ruwaito wa wane, har magana ta kai ga wanda bai taɓa ganin mai ita ba. Kuma kamar yadda isnadi ke yankewa idan maruwaici ɗaya ya faɗi, haka saƙo ke tsayawa idan babu na'ura a tsakani.

Mataki na farko shawara ce, tun kafin a kashe ko sisi, domin na'ura ɗaya tilo ba ta da wani amfani. Sai mutum biyar ko goma waɗanda suka amince da juna su zauna, su ƙayyade wuraren da suke so su haɗa, misali gida a Madaki, shago a babbar kasuwa, ɗan'uwa a Pantami ko Bolari ko Jekadafari, su kuma sanar da mai unguwa abin da suke nufi, don kada ganin sanda da akwati a bisa rufi ya haifar da zato. Wajibi ne kuma a sani cewa iskar rediyo tana da mai hukunci a kanta, wato Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda dokar sadarwa ta 2003 ta ba ikon tsara mitoci da amincewa da na'urori, don haka a nemi bayanin ƙa'idarta a bi, kuma inda hukuma ta rufe sadarwa da gangan saboda tsaro, ba wannan na'ura ce hujjar saɓa mata ba.

Mataki na biyu saye ne, kuma a nan ne galibi ake yin asara. Ana ƙera na'urorin bisa mitoci daban-daban, mafi shahara megahaz 433 da 868 da 915, kuma wadda aka ƙera domin wannan ba ta jin wadda aka ƙera domin wancan. Najeriya tana cikin yanki ɗaya da ƙasashen Turai a rabon mitoci na duniya, saboda haka mai lamba 868 ce ta dace da mu, ita kuwa mai 915 ta Amurka ce, a ƙasarmu tana shiga gonar mitocin da kamfanonin waya ke aiki da su. Na'urori iri biyu ne suka fi yawa: akwai irin su Heltec V3 da T-Beam, masu araha da sauƙin sarrafawa amma masu cin batir, waɗanda suka dace da aljihu ko tebur, akwai kuma irin su RAK4631 da T-Echo, waɗanda ke yin kwanaki a kan caji ɗaya, su ne kuma ake ɗorawa a bisa rufi da sola. A haɗa da eriya wadda aka rubuta mata 868, da batirin litiyam, da igiyar USB mai ɗaukar bayanai, domin da yawa daga igiyoyin da ake sayarwa a bakin titi caji kawai suke yi.

Mataki na uku gajere ne, amma wanda ya yi sakaci da shi ya yi hasarar kuɗinsa: kada a kuskura a ba na'urar wuta sai an ɗaura mata eriya, domin ƙarfin da ta tura, idan bai sami mafita ba, komawa yake yi cikinta ya lalata sashen da ke watsawa. Haka nan kafin a soka batir a duba a ga jar waya ta dace da alamar tarawa da ke jikin allon, baƙa kuma ta dace da alamar ɗebewa, saboda masu ƙera batura ba su yi ittifaƙi a kan tsari ɗaya ba.

Mataki na huɗu shi ne zuba wa na'urar manhajarta, kuma wannan da sauke manhajar waya su kaɗai ne ayyukan da ke bukatar intanet, don haka a yi su tun ana cikin yalwa. A haɗa na'urar da kwamfuta, a buɗe shafin zuba manhaja na Meshtastic ta cikin Chrome ko Edge, a zaɓi ainihin sunan na'urar ba mai kama da shi ba, a zaɓi fitowar manhajar da aka tabbatar da ingancinta maimakon wadda ake gwaji, a danna, a kuma yi haƙuri har ta gama ba tare da an taɓa igiyar ba. Su kuwa irin RAK4631, idan aka danna maɓallin sake kunnawa sau biyu a jere, sai su bayyana a kwamfuta kamar filas, a jefa musu fayil ɗin kawai. Ya fi kyau dukan jama'ar su zuba fitowa iri ɗaya a zama ɗaya.

Mataki na biyar shi ne ƙulla na'urar da waya. A sauke manhajar Meshtastic a waya, a kunna Bluetooth, a zaɓi na'urar daga jerin da ya bayyana, a shigar da lambobi shida da ta nuna a fuskarta. Wadda ba ta da fuska kuwa lambarta ta asali ita ce 123456, kuma tun da kowa ya san wannan lamba, sai a sauya ta nan take. Daga nan a shiga saitin LoRa a zaɓi yanki, wato EU_868, domin na'urar ba za ta furta ko harafi ba sai an gaya mata yankin da take. A bar tsarin watsawa a kan LongFast, wanda shi ne na asali, kuma lalle ne ya zama ɗaya a wurin kowa. Sa'an nan a raɗa mata suna biyu, dogo da gajere, gajeren kada ya wuce haruffa huɗu, kuma hikima ce a yi amfani da laƙabi ko sunan wuri, domin duk na'urar da ke kusa tana ganin sunan.

Mataki na shida shi ne rufin asiri. Tashar da na'urar ke zuwa da ita tana da mabuɗi, amma mabuɗi ne da duk duniya ke da irinsa, saboda haka abin da aka faɗa a cikinta daidai yake da abin da aka faɗa a bainar jama'a. Sai mutum ɗaya ya buɗe sabuwar tasha, ya ba ta suna, ya umurci manhajar ta ƙirƙiro mabuɗi na musamman, ta fitar masa da hoton lambar QR, sauran su ɗauka da wayoyinsu ido da ido. Kada a watsa hoton a WhatsApp, domin duk wanda ya same shi ya sami mabuɗin. Na'ura ɗaya tana ɗaukar tashoshi har takwas, ana iya ware ta iyali, da ta 'yan kasuwa, da ta 'yan sintiri. A kuma duba saitin bayyana wuri, a kashe shi ko a rage daidaitonsa, don kada na'urar ta riƙa shelar ƙofar gidan mai ita.

Mataki na bakwai shi ne ruhin aikin duka, wato tsawo. Igiyar rediyo ta wannan mita tana son ta hangi inda za ta, kuma katangar siminti da rufin kwano da tudu duk hijabi ne a gare ta, har ya zamana na'urar da ke cikin ɗaki a tsakiyar unguwa mai cunkoso da ƙyar take wuce kilomita ɗaya ko biyu, alhali irinta a kan tsauni tana kai gomman kilomitoci da wannan ƙarfi nata wanda bai kai rubu'in wat ɗaya ba. Lissafin masana ya nuna cewa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa eriyar da ke bisa mita 2 tana hangen kimanin kilomita 5, wadda ke bisa mita 16 kuwa kimanin kilomita 14, wato sai an ninka tsawo sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu. Gombe kuwa gari ne da ke zaune a kwari, da tudu ta yamma wajen Tumfure, da Dutsen Gombe da na Liji ta gabas, ga kuma kwazazzabai da suka ratsa unguwanni, saboda haka wanda gidansa ke gangare ba zai ji na bayan tudu ba sai ta hanyar na uku wanda ke hangen su duka biyu. A nemi bene, ko hasumiyar masallaci da izinin limami da kwamitinsa, ko ƙarfen tankin ruwa, a ɗora na'ura ɗaya wadda za ta zama uwa ga sauran.

Wannan ta sama sai a yi mata tanadin da ya dace da yanayinmu. A sa ta cikin farin akwatin roba mai hana ruwa, a huda ƙaramar kafa ta ƙasa don gumi ya fita, a tsayar da eriyar a miƙe tana kallon sama, nesa da kwano da ƙarfe, igiyarta kuma ta zama gajeriya iyakar iyawa, domin kowane taƙi na igiya yana shan wani abu daga ƙarfin. A ɗora ƙaramin faifan sola a bisa akwatin ta yadda zai yi masa inuwa, saboda zafin Maris da Afrilu, wanda kan kai digiri 40 a Gombe, maƙiyin batirin litiyam ne. Da hunturu a riƙa share ƙurar faifan, da damina kuma a kula kada sandar ta zama mafi tsawon abu a wurin ba tare da maganin tsawa ba. Na'urar saman kaɗai, idan da gaske tana hangen gari, za a iya ba matsayin ROUTER. Sauran duk a bar su a CLIENT, wanda shi ma yana isar da saƙo, na'urorin da suka taru a gida ɗaya kuwa a mayar da mafi yawansu CLIENT_MUTE, don su saurara ba tare da maimaitawa ba.

Mataki na takwas jarrabawa ce. Mutum ɗaya ya zauna a Madaki, wani ya hau Keke Napep da tasa na'urar, yana tsayawa wuri-wuri yana aiko da sunan inda yake, na gida yana rubutawa a takarda inda saƙo ya iso da inda ya ɓace. Manhajar tana nuna alama idan wata na'ura ta karɓi saƙon, tana kuma iya bayyana hannuwan da ya bi. Inda aka sami giɓi, maganinsa ƙarin na'ura a wuri mai tsawo, ba ƙarin ƙarfi ba. Bisa asali saƙo yana bin hannu uku kafin ya tsaya, iyakarsa bakwai, kuma ukun sun wadatar da gari kamar Gombe.

Abin da ya rage shi ne ladabi, domin iskar guda ce, idan ɗaya yana magana sauran jira suke yi, kuma a saitin EU_868 na'ura ba ta watsawa fiye da ushirin lokaci, wato minti shida cikin awa. A taƙaita gaisuwa, a faɗi bukata, a tuna kuma cewa haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ kowannensu gurbin harafi biyu yake ci. Mafi girma daga wannan duka shi ne amanar labari: ranar da sabis ya ɗauke, zukata a tsorace suke, kuma jita-jitar da ta shiga tashar unguwa babu rediyo ko jarida da za ta riga ta isa gidaje ta ƙaryata ta, saboda haka a yi sharaɗi tun farko cewa mai aiko da labari zai faɗi ko da idonsa ya gani ko ji ya yi, da wuri, da lokaci. A kuma tsayar da rana ɗaya a mako, misali bayan sallar Juma'a, wadda kowa zai kunna tasa ya amsa sallama, domin a gano mataccen batir da karkatacciyar eriya tun ana zaune lafiya, a gyara su kafin ranar bukata. Allah Ya sa mu dace.