Darasi: Idan famfon ƙauye ya lalace

A ƙauyuka da yawa na ƙasar Nijar, mutane suna samun ruwan sha daga rijiyar burtsatse. Ana haƙa ta da inji, a zura bututu har ya kai ga ruwan da ke can ƙarƙashin ƙasa, sannan a ɗora famfo a bakinta. Wani famfon da ƙafa ake taka shi, kamar Vergnet. Wani da hannu ake buga shi, kamar India Mark II. A manyan ƙauyuka, faifan hasken rana ne ke tura ruwa zuwa cikin shato, daga nan ya gangaro ta bututu zuwa famfunan unguwanni.

Ruwan burtsatse yana da tsabta domin daga nesa yake fitowa, kuma a rufe yake. Amma famfo inji ne. Yau da gobe robarsa tana cinyewa, sarƙarsa tana tsinkewa, bututu yana yoyo. Ranar da ya tsaya, mata da yara sukan koma tabki, inda dabbobi ke sha. Daga nan sai zawo da ciwon ciki su shigo gari.

Wa ake nema?

Kowane famfo yana bukatar kwamitin kula da shi. Mutanen gari ne ke zaɓen membobinsa, maza da mata. Akwai shugaba, da magatakarda, da ma'aji. Duk wanda ya ɗebi ruwa yana biyan kuɗi kaɗan, ma'aji ya ajiye a asusu, magatakarda ya rubuta a littafi.

Idan famfo ya lalace, kwamiti ne ke kiran mai gyara. Shi mutum ne da aka horar a kan wannan aiki. Yana da akwatin kayan aiki, kuma yakan kula da famfunan ƙauyuka da dama. Idan ya duba, sai ya faɗi abin da ya ɓaci. Da kuɗin asusu ake sayo sabon ƙarfe ko roba, da shi kuma ake biyan ladan aikinsa. Idan ɓarnar ta fi ƙarfinsa, kwamiti da maigari su kai magana wurin magajin gari da ma'aikatar ruwa ta gunduma.

Garin da asusunsa ke da kuɗi yakan samu gyara da wuri. Garin da bai tara komi ba yana iya yin watanni ba ruwa mai kyau.

Kafin a gyara fa?

Dole a sha ruwa ko da famfo ba ya aiki. Ga yadda ake tsabtace ruwan tabki ko na buɗaɗɗiyar rijiya:

1. A kwantar da shi. A daka ƴaƴan zogale busassu, a zuba garin cikin ruwa, a motsa, a bari laka ta kwanta.
2. A tace shi da ƙyalle mai tsabta.
3. A tafasa shi sosai, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa, a jira minti 30. Ma'aikacin gidan likita ne ke nuna yawan maganin da ya dace da kowane bido.
4. A zuba shi a wankakkiyar randa mai marufi, a keɓe mata moɗa guda.

Tacewa tana da amfani ƙwarai. A dā, kurkunu yana kwantar da manoma a tsakiyar damina, lokacin da gona ta fi bukatarsu. Da tace ruwa da haƙa rijiyoyi aka yaƙe shi, har a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa babu shi a Nijar. Amma ƙyalle ba ya tare ƙwayoyin cutar zawo da kwalara, don sun yi ƙanƙanta. Tafasawa ko magani ne ke kashe su.

Aikin yara

Yara ma suna da nasu aiki. Ba a lilo a hannun famfo, ba a tsalle a kan matakinsa. Ba a wanki ko shayar da dabbobi a gindinsa. Yaron da ya ji famfo yana wata irin ƙara, ko ya ga ruwa ya ragu, ya gaya wa kwamiti nan da nan, tun ɓarnar tana ƙarama.

Kalmomi

burtsatse: forage
shato: château d'eau
mai gyaran famfo: artisan réparateur
kurkunu: ver de Guinée

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan burtsatse ya fi na tabki tsabta?
2. Su wa ke cikin kwamitin famfo? Mene ne aikin kowanensu?
3. Me ya sa tacewa kaɗai ba ta isa ba?
4. Ana sayar da bido ɗaya dala 5. An sayar da bido 60 a yini. Nawa ya shiga asusu?

Aikin gida

Ku tambayi iyayenku: wane ne mai gyaran famfon garinku, kuma a wane gari yake zaune?