Rumfar Hoto a Wurin Biki: Kafin a Biya Kafin Alƙalami

A shekarar 1925 ne Anatol Josepho, haifaffen Rasha, ya buɗe rumfar hoto mai sarrafa kanta a titin Broadway na birnin New York. Sunanta Photomaton. Mutum zai jefa santi 25, ya zauna, cikin 'yan mintoci na'ura ta miƙo masa hotuna 8. Kasuwa ta buɗe masa har ya sayar da haƙƙinta a 1927 kan dala miliyan 1. Wannan na'ura kai tsaye take buga hoto a takarda, ba ta ajiye komai. Wanda ya karɓi nasa, ya tafi da shi ke nan.

Rumfar da ake gani yau a dina da kamu a Kano, Kaduna da Abuja ba haka take ba. Mai wannan rubutu yana harhaɗa irin waɗannan rumfuna yana bayarwa haya, kuma cikinsu ba wani abin mamaki ba ne: kyamara ko iPad, fitilar zobe, ƙyallen bango, sai firinta. Firintar ce ke raba gwani da ɗan koyo. Mai buga launi da zafi, irin ta kamfanin DNP, tana fitar da hoto a bushe cikin daƙiƙu, ita kuwa mai tawada sai ta ɓata hannu da lalle da leshi. Wanda kuma ya zo ba batir, ya dogara da janaretan ɗakin taro, to ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar liƙi zai gane kurensa.

Sai rumfa mai juyawa, wadda ake kira 360. Baƙi su hau dandamali, sandar ƙarfe ɗauke da waya ta riƙa zagaya su. Babbar riga da mayafi da jelar rigar amarya duk suna iya sarƙewa a sandar, yara kuma ba sa ganin zuwanta. Dole a kewaye wurin, a tsayar da mai riƙe da makunni wanda idonsa ba ya barin dandamalin.

Amma abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne inda hotunan suke kwana. Kowane hoto da bidiyo yana zama a na'urar mai bayar da haya, sau da yawa har da intanet. Matar aure ta saki jiki cikin 'yan'uwanta mata a wurin kamu, kwana biyu sai ga ta tana rawa a shafin talla na Instagram ko TikTok, ba wanda ya tambaye ta. Irin wannan yana iya girgiza aure. Amarya ce ta yi hayar rumfa, amma ba ita ke da fuskar ƙawayenta ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ɗauki hoton da za a gane mutum da shi a matsayin bayanansa.

Saboda haka masu biki su nemi a rubuta musu a takarda cewa ba za a yi talla da fuskar kowa ba sai da izininsa, da ranar da za a goge komai bayan an miƙa musu nasu. In taron na mata ne zalla, su ce a turo mace ta kula da rumfar.